CACAR "WA ZAI ZAMA KOCI?": WANDA YA SANI AN HANA SHI, WANDA AKA BARI BAI SANI BA!

  

Akwai wata musiba da ta shigo mana da rigar ƙwallo, tana cin aljihun samari a hankali kamar yadda gara ke cin azara, kuma har yanzu waɗansu daga cikinmu ba su yarda sunanta caca ba. Da can abin da muka sani shi ne a sa kuɗi a kan wace ƙungiya ce za ta ci wasa. Daga baya aka ƙaro wa zai fara zura ƙwallo, da kati nawa alƙalin wasa zai ɗaga. To yanzu abin ya wuce fili gaba ɗaya, ya shiga ofis. Da zarar wani kulob a Turai ya shiga halin ni-'yasu, aka ci shi sau uku ko huɗu a jere, sai kamfanonin caca su buɗe kasuwa biyu. Ta farko: wane koci za a fara kora? Ta biyu: in an kore shi, wa zai gaje shi? Sai ka ga an jero sunaye goma ko ashirin, kowane suna da nasa ninkin, ana jiran wawan da zai kawo kuɗinsa.

Wannan ta biyun nake son mu tsaya a kanta yau, domin ita ce ta fi tona asirin sauran. Saurayin da ke sa kuɗi a kan sakamakon wasa yana da wata hujja da yake fakewa da ita. Zai ce maka: "Malam, ni ba caca nake yi ba, nazari nake yi. Na san 'yan wasan nan, na san wanda ya ji rauni, na san wanda ke kan ganiyarsa." Hujjar banza ce, amma dai ya samu abin faɗa. To a cacar naɗin koci fa, me zai ce? Wane nazari ne zai shigar da kai ɗakin da mai kulob da daraktansa da lauyoyinsu suka kulle kansu a Landan, alhali kana zaune a benci a gidan kallon ƙwallo a Kurna ko Tudun Wada?

Kada a ce zance ne kawai, bari mu ɗauki misali ɗaya da duk mai bin gasar Firimiya zai iya tunawa. A ranar 19 ga Afrilun 2021 kulob ɗin Tottenham ya sallami Jose Mourinho, saura 'yan kwanaki a buga wasan ƙarshe na kofin Lig da Manchester City. Aka ba Ryan Mason riƙon ƙwarya, kulob ɗin ya ƙare kakar a matsayi na 7. Daga nan aka shiga neman sabon koci. Da farko aka yi ta kiran sunan Julian Nagelsmann, kafin watan ya ƙare ya amince da tafiya Bayern Munich. Aka koma kan Erik ten Hag, sai ga shi ya tsawaita kwantiraginsa da Ajax. Aka ce Mauricio Pochettino zai dawo gida, PSG ta riƙe abinta. Aka ce magana ta yi nisa da Antonio Conte, tattaunawar ta watse. Aka ce an gama da Paulo Fonseca sai sa hannu, ita ma ta wargaje. Aka ɗauko Gennaro Gattuso, magoya bayan kulob ɗin suka yi ca a kai, aka janye. Sai ranar 30 ga Yuni, bayan kwana 72, aka naɗa Nuno Espirito Santo, tsohon kocin Wolves.

To, 'yan uwa, ku ƙirga da kanku. Mutum shida aka yi ta yayatawa, kowannensu ya yi kwanakinsa a bakin jaridu da masu sharhi a matsayin wanda "ya kusa", kuma babu ko ɗaya da ya samu kujerar a lokacin. Duk wanda ya sa kuɗinsa a kan ɗaya daga cikin shidan nan, kuɗin sun tafi, ba su dawowa har abada. Abin dariya kuma abin takaici, shi Nuno ɗin wata huɗu kacal ya yi. A ranar 1 ga Nuwamba aka sallame shi, washegari aka naɗa wa? Conte! Wato wanda ya sa kuɗi a kan Conte a watan Yuni bai yi kuskuren suna ba, amma kuɗinsa sun riga sun halaka, kamfani kuma ya sake buɗe sabuwar kasuwa ya sake tara waɗansu. Shi kansa shugaban kulob ɗin a lokacin, Daniel Levy, wanda alƙalami ke hannunsa, ya shafe sama da wata biyu bai tsayar da wanda zai ɗauka ba. Kai wane ne da za ka riga shi sani?

Ba a kan Tottenham aka fara ba. A watan Fabrairun 2012, da Fabio Capello ya ajiye aikin horar da tawagar Ingila, kusan duk jaridun ƙasar sun gama naɗa Harry Redknapp. Da watan Mayu ya zo, hukumar ƙwallon Ingila ta ba Roy Hodgson. A watan Disamban 2018, da Manchester United ta kori Mourinho, masu sharhi sun yi ta kiran Pochettino, aka kawo Ole Gunnar Solskjaer a matsayin ɗan riƙon ƙwarya, a watan Maris na 2019 aka tabbatar masa da kujerar. A nan ma akwai wani tarko da samari ba sa karantawa: waɗansu kamfanonin sukan rubuta a cikin ƙananan sharuɗɗansu cewa ɗan riƙon ƙwarya ba ya cikin lissafi sai ya jagoranci wasa goma, in ya kai goma kuwa shi za a ɗauka a matsayin kocin da aka naɗa. Su suka rubuta dokar, su ke fassara ta, su ke riƙe da kuɗin. Ina ka taɓa ganin shari'ar da mai ƙara shi ne alƙali, kuma ka ci?

Yanzu ga babbar maganar da nake son kowane ɗan uwa ya riƙe. Tun daga shekarar 2014, hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa 'yan wasa da kociyoyi da ma'aikatan kulob-kulob na manyan rukunonin ƙasar yin caca a kan duk wani abu da ya shafi ƙwallo a ko'ina a duniya. Ba sakamakon wasa kaɗai ba, har da cinikin 'yan wasa da naɗin kociyoyi. Ta kuma haramta masu tsegunta wa wani labarin cikin gida don ya yi caca da shi. Kuma ba wasa suke yi ba. A watan Disamban 2020 an dakatar da Kieran Trippier na mako goma, aka ci shi tarar fam 70,000, saboda ya gaya wa abokansa labarin komawarsa Atletico Madrid a 2019, su kuma suka yi caca da labarin. A watan Maris na 2020 an dakatar da Daniel Sturridge na wata huɗu da tarar fam 150,000, bisa samunsa da laifin umartar ɗan uwansa ya sa kuɗi a kan cewa zai koma Sevilla a watan Janairun 2018.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, mutanen da ke da labarin gaskiya, waɗanda suke cikin ɗakin ko suke bakin ƙofarsa, doka ta ɗaure masu hannu, ba a yarda su taɓa wannan kasuwa ba. Wa aka buɗe wa ƙofa ke nan? Wanda bai san komai ba sai abin da ya karanta a waya. Wanda ya sani an hana shi, wanda aka bari bai sani ba! Na biyu kuma ya fi ban mamaki: shi Sturridge ɗin bai ma je Sevilla ba, West Brom ya tafi aro a wannan watan. Mutum da ƙafarsa, da kwantiraginsa, da wakilinsa, bai iya sanin inda zai kwana ba. To ina ga kai da ba ka taɓa taka filin jirgin saman Landan ba?

Ko da a ce wani ya samu labari na ƙwarai ta ɓarauniyar hanya, kamfanonin nan ba barci suke yi ba. Irin wannan kasuwa sukan ƙayyade yawan kuɗin da za a iya sawa, kuma da sun ga kuɗi sun fara tururuwa a kan suna ɗaya sai su rage ninkinsa, ko su rufe kasuwar baki ɗaya. Washegari kuma sai jarida ta buga cewa wane "shi ke kan gaba a wurin kamfanonin caca", samari su ɗauka labari ne, su ƙara zuba kuɗi. Jita-jita ta haifi caca, caca ta haifi labari, labari ya sake haifar caca. Haka ake juya ku kamar waina a tanda.

Mu zo ga lissafi, tunda da yawanmu mun yi sakandare. Ga misali mai sauƙi. A ce kamfani ya jero sunaye biyar. Na farko in ya ci za a ninka maka kuɗinka sau 2, na biyu sau 3, na uku sau 4, na huɗu sau 6, na biyar sau 10. Sai wani mai wayo ya ce shi zai sa kuɗi a kan dukkansu, ta yadda ko wa aka naɗa za a ba shi naira 6,000. Nawa zai kashe? A kan na farko naira 3,000, na biyu 2,000, na uku 1,500, na huɗu 1,000, na biyar 600. Jimla naira 8,100. Ka ga ya ba da 8,100 don a dawo masa da 6,000. Ya canka daidai, amma ya yi asarar 2,100! In kuwa aka ɗauko wani na shida da ba ya cikin jerin, kamar yadda ake yi sau da yawa, to duka 8,100 ɗin sun zama na kamfani. Wannan rarar da ake cusawa a cikin ninkin ita ce ribarsu, kuma an riga an yanke ta tun kafin ka taɓa wayarka. Su ba caca suke yi ba, kasuwanci suke yi da jahilcinka. Kai kaɗai ne ɗan caca a wannan ciniki.

Ina kuɗin suke tafiya? Shugabar kamfanin Bet365, Denise Coates, an biya ta albashin fam miliyan 421 a shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2020. Mutum ɗaya, shekara ɗaya! Kocin da kuke caca a kan korarsa fa, kuna tsammanin yana kuka? Manchester United da kanta ta bayyana cewa sallamar Mourinho da mataimakansa a 2018 ta ci mata fam miliyan 19.6. Wanda aka kora ya tafi da buhun kuɗi, wanda aka naɗa ya sa hannu a kan miliyoyi, wakilinsa ya karɓi la'ada, jarida ta sayar da labari, kamfanin caca ya kwashe rara. A duk wannan jerin mutum ɗaya ne ya fita da hannu wofi: ɗan talakan da ke ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a shekarar 2024, wanda ko wannan ɗin ma bai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kuma kada wani ya ɗauka kasuwar za ta ƙare. Kulob mai fama da matsala shi ne saniyar tatsarsu. Dubi Manchester United tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013: an kori David Moyes a 2014 bayan wata goma, alhali kwantiragin shekara shida aka ba shi, an kori Louis van Gaal a 2016 kwana biyu bayan ya ci kofin FA, Mourinho a 2018, Solskjaer a 2021, Ten Hag a 2024, aka kawo Ruben Amorim a watan Nuwamban 2024, kulob ɗin ya ƙare wannan kakar a matsayi na 15. Kowace kora a cikin waɗannan ranar kasuwa ce a wurin 'yan caca. Har ta kai za ka ga saurayin da ke iƙirarin son kulob yana fatan a lallasa kulob ɗin nasa, don a kori koci, don tikitinsa ya ci. Yana fatan wani ɗan Adam ya rasa aikinsa saboda naira dubu biyu. Wace irin zuciya caca ke ƙera wa mutum haka?

'Yan uwa, duk wannan bayanin don hankali ya natsu ne, amma hukunci ya riga ya sauka tun fiye da shekara 1,400. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah (T) Ya haɗa giya da caca wuri ɗaya, Ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi ɗan amfanin da ake gani a cikinsu. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya jera caca tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance su, sannan Ya faɗi abin da Shaiɗan ke nema da su: jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu, da kange mu daga ambaton Allah da salla. Ku dubi abin da aka jera caca da shi. Saurayin da ba zai taɓa yarda a gan shi da kwalbar giya ba, ga shi da tikitin caca a aljihun rigar da ya zo masallacin Juma'a da ita, wa'iyazu billahi!

Cacar Larabawan jahiliyya ma ai ba ta kai wannan muni ba. Su raƙumi suke yankawa, su kawo kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda marasa rabon suka faɗo a kansu su biya kuɗin raƙumin, naman kuma sau da yawa matalauta ake raba wa, har suna alfahari da hakan. Duk da wannan ɗan amfanin, Musulunci ya rushe ta. To ina ga wadda ba talakan da ke cin ko tsoka ɗaya a cikinta, sai ma shi ake yankawa? Ya kuma inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, da baki kawai, an umarce shi ya yi sadaka. In furucin kaɗai yana bukatar kaffara, ina ga wanda ya tura wa abokai lambar tikiti a WhatsApp yana cewa kowa ya bi?

Na san uzurorin, domin kullum muna jin su. Wani zai ce: "Ai naira ɗari ce kawai." Shin ɗigon giya ya halatta don ba kwalba ba ce? Kuma duk wanda ka ga ya sayar da wayarsa, ko ya taɓa kuɗin shagon maigidansa, ko ya cinye kuɗin rajistar jarrabawar da mahaifinsa ya ba shi, da naira ɗari ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtuka. Wani zai ce: "In na ci zan taimaki iyayena, in yi sadaka." Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki, kuma ba a wanke najasa da fitsari. Wani zai ce: "Babu aikin yi, gwamnati ta yi watsi da mu." Wannan gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa wa azzaluman da suka wawashe dukiyar al'umma suka bar matasa suna gararamba gaskiya ba. Amma wanda aka zalunta sau ɗaya, maganinsa ya kai kansa a sake zaluntarsa? Sun ƙwace maka aiki, kai kuma ka ɗauki ɗan abin da ya rage ka miƙa wa 'yan jari-hujja da hannunka? Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin kunya ma, su da suka ƙirƙiro abin sun fara ja da baya. A watan Afrilun 2023 kulob-kulob ɗin Firimiya sun amince su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. A nan gida kuwa, a watan Oktoban 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca kusan 30, a watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Madalla da rufe shago. Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya: babban shagon yanzu yana cikin aljihu. Bet9ja da SportyBet da 1xBet da ire-irensu ba sa bukatar ka fita daga ɗakinka. Ɗan Hisba ba zai shiga ƙarƙashin bargonka da ƙarfe biyun dare ba. Wannan ƙofar ba mai iya rufe ta sai tsoron Allah.

Saboda haka ga kirana. Ɗan uwa, in kana ciki, tun kafin ka bar harabar masallacin nan ka goge manhajar daga wayarka, ka fita daga duk wani zauren da ake raba tikiti, ka yi tuba ta gaskiya. Abin da ya rage a hannunka na caca, malamai sun ce a rabu da shi ta hanyar ba mabukata ko sa shi a aikin amfanin jama'a, ba da nufin neman ladan sadaka ba, sai don tsarkake dukiya. In ka san wani ɗan uwa da ya faɗa, ka ja shi gefe ka yi masa nasiha a asirce, kada ka tozarta shi a majalisa. Masu gidajen kallo, ku ji tsoron Allah, kada ku bari rumfunanku su zama makarantar koyon caca ga yara. Ɗari biyun da kake jefawa kullum, in ka zuba ta a adashi, a wata ɗaya ta zama 6,000, a shekara ta haura 70,000, kuma halaliyarka ce. In ƙwallo kake so, ga fili nan, ɗaura takalmi ka motsa jikinka, in an kira salla ka tsaya.

Ranar da za a tsayar da kowane bawa a tambaye shi ƙuruciyarsa a me ya ƙarar da ita, dukiyarsa ta ina ya samo ta kuma a ina ya kashe ta, ba za a tambaye ka wa ya gaji Mourinho ba. Allah Ya tsare mu da cin haram, Ya shiryi matasanmu, Ya wadata mu da halalinSa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.